Yadda Ake Matse Farin Inabi a Adana Ruwansa Ba Tare da Ya Zama Giya Ba

A arewacin Italiya, dab da iyakar Ostiriya, kogin Isarco ya ratsa wani kwari mai zurfi a tsakanin duwatsun Alps. A gefen garin Bressanone akwai gidan ibadar Novacella, wanda aka kafa a 1142, kuma yana cikin tsofaffin wuraren da har yau ake sarrafa inabi ya zama giya a Turai. Gonakin suna manne a gangaren dutse, hawa-hawa, an tokare su da katangar duwatsu, daga wajen mita 600 zuwa 900 sama da teku. Da rana zafi ya nunar da inabin, da dare sanyi ya sauko daga kan duwatsu ya hana tsaminsa gudu. Shi ya sa farin inabin wurin, irin su Sylvaner da Kerner da Müller-Thurgau, yake haɗa zaƙi da tsami a baki ɗaya. In ana son giyar ta fito da ɗanɗanon inabin zalla, ba a saka ta a gangar katako, sai a tankin ƙarfe marar tsatsa mai sanyi, domin ƙamshin katako yana danne na 'ya'yan itace.

Aikin masu giyar kashi biyu ne. Na farko shi ne tsinka, matsewa, tacewa da kare ruwan daga iska da zafi, kuma babu ɗigon barasa a ciki. Na biyu shi ne barin yis ya cinye sukarin ya mai da shi barasa. Wanda ba ya shan giya zai iya ɗaukar kashin farko kacokan, sannan ya kashe yis ɗin da zafi kafin ya soma aiki. Ba sabuwar dabara ba ce. Thomas Welch ya yi ta a Amurka a 1869, sannan Hermann Müller, masanin tsirrai ɗan Suwizalan da ya ƙirƙiro irin Müller-Thurgau a 1882, ya wallafa bayani a 1896 kan yadda ake adana ruwan inabi da na sauran 'ya'yan itace ba tare da barasa ba. Abin da ke tafe shi ne wannan aikin a ma'aunin gida, da kilo 10 na inabi, wanda zai ba ka lita 6 zuwa 7 in kana da matsi mai kyau, ko 5 da ɗoriya in da hannu ne.

Kayan aiki

Farin inabi, wato mai launin kore-kore, kilo 10. Bokitin roba biyu masu murfi, irin na abinci, waɗanda ba a taɓa zuba fenti ko sabulu ko manja a ciki ba. Tukunyar ƙarfe marar tsatsa mai cin lita 8 zuwa 10, da wata babba da za ta iya ɗaukar ta ko ɗaukar kwalabe a tsaye. Farin ƙyalle irin na tatar koko, sabo, a ɗinke shi kamar jaka. Rariya, mazurari, ludayi, da siririn tiyo mai haske tsawon mita ɗaya da rabi. Jarkar roba fara mai lita 5 ko 10, ko manyan kwalabe, na kwantar da laka. Kwalaben gilashi masu murfin murɗawa da ke rufewa gam, takwas ko tara masu santilita 75. Ma'aunin zafi na girki mai kaiwa digiri 100. Garin bitamin C giram 2, ko farar ƙwayarsa marar zaƙi mai miligiram 100 guda ashirin. Lemun tsami ko garin sitirik asid. Firji, ko babbar kula da ƙanƙara mai yawa.

Kada ruwan ya taɓa baƙin ƙarfe, tagulla, alminiyam ko bokitin kwano. Tsamin inabi yana cin su, ruwan ya ɗauki ɗanɗanon ƙarfe ya kuma dushe. Langa tana yi muddin ba ta ɓantare ba. A duk kayan nan, ma'aunin zafi ne ba na son a yi wa rowa: kuɗinsa bai kai na kilo biyu na inabi ba a mafi yawan lokuta, kuma shi ne ke raba ruwan da zai yi watanni da wanda zai fasa kwalba.

1. Zaɓen inabi

Ruwa ba ya wuce inabin da aka matso shi daga ciki. Ka ɗauki nonon inabi ɗaya, wato curi guda, ka duba sandarsa: koriya mai laushi alamar sabon tsinka ce, busasshiya mai launin ƙasa alamar ya kwana biyu a hanya. Ka girgiza shi a hankali. In 'ya'yan suna zubowa, bar shi. Ka ɗanɗana na can ƙasan nonon, don shi ne ke nuna a ƙarshe. Abin da kake nema shi ne zaƙi da ɗan tsami mai tashin miyau a bayansa. Inabin da ya yi zaƙi zalla yana da daɗin ci, amma ruwansa yakan fito lami, ya gundure ka tun kafin ka shanye kofi. In kana da na'urar auna sukari ta hannu, wadda ake ɗiga mata ruwa a leƙa, maki 16 zuwa 19 ya isa. Masu giya sukan jira ya wuce 20 saboda barasa suke nema. Kai ba ka da wannan buƙatar, tsinka da wuri ma ya fi maka.

Irin Sylvaner da Kerner ba sa zuwa kasuwanninmu. Abin da za ka samu shi ne koren inabin ci da ake shigowa da shi, yawanci marar ƙwallo irin Thompson, ko wanda ake nomawa a gida kamar na yankin Kudan a jihar Kaduna. Duka suna yi. Sai dai inabin ci yana da tauri da ƙarancin tsami, don haka zai buƙaci taimako a mataki na 3 da na 6. In ka samu mai ƙamshin turare irin Muscat, ka haɗa kilo biyu cikin goman, ruwan zai canza gaba ɗaya.

2. Sanyaya, wankewa da tsincewa

A Isarco da sassafe ake son tsinka, a kai wurin matsi kafin rana ta ɗumama shi. Kai kuma ka saka inabinka a firji ya kwana, ko a kula da ƙanƙara na awa huɗu zuwa biyar. Dalilin shi ne a bawon kowane inabi akwai yis na daji, kuma a zafin digiri 30 yakan farka ya fara aiki kafin a kwana a yini. A ƙasa da digiri 10 kuwa barci yake yi. Haka sinadarin da ke mai da ruwan launin ƙasa, shi ma sanyi yana rage masa gudu.

Masu gona ba sa wanke inabi, amma na kasuwa ya sha ƙura da hannaye da ragowar feshi, dole a wanke shi. Ka tsoma nonon ɗungurungum a ruwan sanyi mai tsabta, ka ɗauraye sau biyu, ka baza a rariya ya tsane sosai. Kada ka tsinke 'ya'yan kafin wanki, ruwa zai shiga ta ramin. Daga nan ka zauna ka tsince, ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya fashe ya yi launin ƙasa, ko ya yi furfurar ruɓa, ko yake warin tsami irin na binega, a jefar. Nan ne mutane ke jin asara, su ce ai ɗan kaɗan ne. Tafi ɗaya na ruɓaɓɓen inabi yana sa wa lita shida warin ruma, kuma zafi ba ya cire shi. Ka cire sandunan ma. Manyan injina suna matse nono da sandarsa a hankali, amma a matsin gida sandar takan karye ta saki ɗaci da bauri.

3. Farfasawa

Kafin ka fasa ko ɗaya, ka narkar da bitamin C ɗin a rabin kofin ruwa, ka zuba rabinsa a bokitin farfasawa, rabi a wanda ruwan zai sauka. Lissafin shi ne kamar miligiram 300 a kowace lita. Aikinsa ya tare iska kafin ta taɓa ruwan. In ka zuba shi bayan ruwan ya riga ya yi duhu, zai ɗan washe amma ƙamshin da ya tafi ba ya dawowa. Masu giya da sinadarin salfa suke wannan aikin. A ruwan sha na gida ba na ba da shawararsa, saboda warinsa yana zama, kuma yana tayar wa wasu masu asma.

Ka zuba inabin kilo biyu-biyu, ka murƙushe da hannu mai tsabta ko gindin kwalba, iya dai kowane ɗa ya fashe. Ba kirɓa ake so ba. Blanda kuwa a ajiye ta gefe. Tana daddatsa bawo, tana fasa ƙwallo in akwai, tana kuma kaɗa iska cikin ruwan, sai ka samu abu mai kauri, mai bauri, launin shayi, wanda ba zai taɓa washewa ba.

In inabin mai tauri ne yana zillewa a hannu, akwai hanya biyu. Ta farko, bayan ka wanke ka tsince, ka daskarar da shi a firiza ya kwana, sannan ka bari ya narke a cikin bokiti a rufe. Ƙanƙarar tana farfasa naman daga ciki, ruwan ya fito da sauƙi, kuma yana fitowa da sanyinsa. Ta biyu, sinadarin pektinas, mai tausasa naman inabi, da ake sayarwa don masu haɗa ruwan 'ya'yan itace: a zuba gwargwadon abin da aka rubuta a jikin ledar, a gauraya, a bari awa ɗaya zuwa biyu a rufe. Daskararwar ta fi sauƙin samu, kuma ni na fi yarda da ita.

Mai ƙamshi irin Muscat, ƙamshinsa a bawo yake. Za ka iya barin ruwan da bawon tare na awa biyu zuwa uku kafin matsi, amma cikin sanyi kawai. Ba ka da sanyi, ka wuce kai tsaye.

4. Matsewa

Ka ɗora rariya a kan bokiti na biyu, ka shimfiɗa jakar ƙyallen, ka juye farfasasshen inabin. Ka ƙyale shi ya tsiyaya da kansa na minti goma. Wannan ruwan farko shi ne sarki: ya fi haske, ya fi tsami mai daɗi, ya fi ƙamshi. Sai ka ɗaure bakin jakar ka fara murɗawa a hankali. In ruwan ya tsaya, ka kwance, ka wargaza abin da ke ciki da hannu, ka sake ɗaurewa ka matsa. Matsi kaɗan-kaɗan sau uku ya fi matsi ɗaya mai ƙarfi yawan ruwa da kyau, domin ƙarfi yana toshe hanyoyin da ruwan ke bi ne kawai. Manyan gidajen inabi ma haka injinsu ke yi: wata jakar iska ce ke kumbura a hankali cikin ganga, ta saki, gangar ta juya, ta sake kumbura.

In kana son matsin da ya fi hannu, ka huhhuda gindin ƙaramin bokiti da gefensa, ka saka shi cikin babba a kan wani abu da zai ɗaga shi, ka sa jakar a ciki, ka ɗora faranti mai kauri, ka danne da dutse kamar yadda masu awara ke yi. Ka sa dutsen cikin leda mai tsabta. Ka fara da nauyin kilo 10, bayan minti goma sha biyar ka ƙara zuwa 20.

Ka riƙa ɗanɗana abin da ke ɗiga. Akwai lokacin da za ka ji ya canza: launin ya ƙara duhu, tsamin ya ragu, bayan harshe ya fara kamawa. Daga nan ka canza kwano. Wannan ruwan ƙarshen, wajen rabin lita zuwa lita ɗaya, a sha shi a ranar ko a zuba a zoɓo, kada a haɗa shi da na kwalba. Daga fasa inabin farko zuwa shigar ruwan cikin sanyi, kada ya wuce awa biyu. In kai kaɗai ne, ka raba aikin gida biyu, kilo biyar-biyar, sauran yana jira a firji.

5. Kwantar da laka

Ruwan da ya fito yanzu gurɓatacce ne, kore-kore, da ɓurɓushin nama da bawo. Ka zuba shi a jarka ko manyan kwalabe ta mazurari, ka karkata mazubin yadda ruwan zai bi bango ya sauka maimakon ya faɗa yana kumfa. Ka cika har wuya. Jarka mai lita 10 da ruwa lita 6 a ciki tana nufin lita 4 na iska zaune a kansa dare guda. Gara jarka mai lita 5 a cike da kwalba ɗaya a gefe. In robar mai laushi ce, ka matse ta har ruwan ya hau baki sannan ka rufe.

A firji, awa 24 zuwa 48, ba taɓawa ba girgizawa. Ƙasa da digiri 8 ake so, in ya kusa 2 ya fi. Abu biyu ke faruwa. Laka tana kwanciya a gindi, kauri kamar yatsa biyu ko uku, ta tafi da yawancin yis ɗin. Sannan wani gishiri da ke cikin inabi, wanda Turawa ke kira tata, yana fita ya zama ƙananan duwatsu masu ƙyalli a gindi da bango. In ba ka ba shi sanyi ya fita yanzu ba, zai fita a kwalba daga baya. Ba ya cutarwa, amma wanda bai sani ba zai rantse gilashi ne ya fashe a ciki.

Matsalar wuta ita ce babban haɗarin wannan matakin. In ba ka da tabbacin firjinka zai riƙe sanyi, ka yi amfani da kula: jarka a tsakiya, ƙanƙara zagaye da ita har wuya, tafin gishiri biyu a kan ƙanƙarar, a sabunta ta bayan awa takwas. A haka ka tsaya a awa 12 zuwa 16. In babu firji babu ƙanƙara, ka tsallake matakin gaba ɗaya: ka tace da ƙyalle ninki huɗu sau biyu, ka tafi wuta nan take. Ruwan zai fito da hazo, ɗanɗanonsa lafiya lau. Barin sa ya kwana a ɗaki don ya washe shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma da safe abin da za ka tarar ya riga ya kama hanyar giya.

Alamomin sun bayyana: zoben farar kumfa a wuyan jarka, ƙananan ƙwayoyin iska na tasowa daga gindi, jarka ta kumbura, murfi ya yi tsit in an buɗe, ko ruwan ya ɗan cije harshe. Ka ga ɗaya daga cikinsu, to yis ya fara. Zafi zai tsayar da shi amma ba zai mayar da abin da ya riga ya juya ba, don haka wanda ke gudun barasa ya haƙura da wannan zubin.

6. Janyewa da gyaran ɗanɗano

Ka ɗauko jarkar a hankali ka ɗora a tebur, tukunyar a ƙasa. Ka cika tiyon da ruwa mai tsabta, ka toshe baki ɗaya da yatsa, ka tsoma ɗayan a jarka, ka saki. Ruwan farko ka zubar a kofi, in na inabi ya iso ka mayar tukunya. Kada ka zuƙa da baki. Bakin tiyon na sama ya tsaya yatsa biyu sama da lakar, na ƙasa ya kwanta a gindin tukunya don kada ya yi kumfa. Da ka ga hazo ya fara bin tiyon, ka tsaya. Abin da ya rage ka tace shi daban ka sha. Ba tiyo? Ka tsiyaye a hankali cikin motsi ɗaya, ba tare da ka mayar da jarkar tsaye ba, don kowace mayarwa tana tada lakar.

Masu sana'a suna ƙara washe ruwan da wata laka mai suna bentonayit, wasu kuma da jelatin. A gida ba ka buƙatar ko ɗaya, jelatin kuma sau da yawa daga fatar alade ake yin sa.

Yanzu ka ɗanɗana, da sanyinsa. Tambayar ita ce, bayan ka haɗiye, bakinka ya wartsake ko ya yi danƙo? In danƙo ne, tsami ya yi kaɗan. Ka ɗebi lita ɗaya, ka zuba giram 1 na sitirik asid, wato ɗan tsunkule da bai kai rubu'in ƙaramin cokali ba, ko babban cokali ɗaya na tataccen ruwan lemun tsami. Ka gauraya ka ɗanɗana. In bai isa ba ka ƙara ɗaya. Da wuya a wuce giram 2 zuwa 3 a lita. In ka samu daidai, sai ka lissafa wa sauran. Wannan tsamin ba don daɗi kaɗai ba ne. Ruwan inabi yana adanuwa da zafin da bai kai tafasa ba saboda yana da tsami. Inabin ci da ya nuna tiɓis tsaminsa yakan ragu, ƙarin yana mayar da shi inda ya kamata. Sukari kuwa kada ka ƙara. Lita ɗaya tana ɗauke da giram 160 zuwa 200 nata na kanta. Kada kuma ka sirka da ruwa kafin kwalba. Sirki a kofi ake yi.

7. Shirya kwalabe

Ka wanke su da ruwan zafi da sabulu, ka ɗauraye sosai, ka ɗaga kowace a haske. Ka shafa bakinta da yatsa. Mai ɓalli ko tsaga ba ta rufuwa. Ka duba cikin murfin, in robar ta tsage ko ya yi tsatsa a canza. Ka jera su a babbar tukunya da ruwan sanyi, ka tafasa minti goma, ka bar su cikin ruwan zafin har lokacin cikawa. Gilashi mai sanyi in ya haɗu da ruwa mai digiri 80 fashewa yake yi. Gorar roba ta ruwan sha ba ta wannan aikin: tana motsewa tun zafi bai kai 70 ba.

8. Dumamawa

Zafin da ake so shi ne digiri 78 zuwa 82. Ƙasa da haka, in ba a tsawaita lokacin ba, wani yis zai iya tsira, sama da haka ruwan ya fara ɗanɗanon dafuwa, ƙamshin sabon inabi ya koma na alewa. Duk wahalar da ka sha ta sanyi da gudun iska a nan za ta tsira ko ta lalace.

Hanya ta farko, cikawa da zafi. Ka saka tukunyar ruwan inabin cikin babbar tukunya mai ruwa, yadda wuta ba za ta taɓa gindinta kai tsaye ba. Ka buɗe wuta sosai, domin hawa da sauri ya fi jan lokaci a wuta kaɗan. Ka riƙa juyawa a hankali, kana aunawa a tsakiyar ruwan, ba a gindi ba. Wajen digiri 60 zuwa 70 farar kumfa za ta taru a sama, ka kwashe. Da ya kai 80 ka rage wuta ka riƙe shi a nan minti biyu, sannan ka fara cikawa, kwalba ɗaya-ɗaya daga ruwan zafi, har saura santimita ɗaya a baki. Ka goge bakin, ka rufe gam, ka kwantar da kwalbar a gefenta minti uku don ruwan ya ƙona cikin murfin. Ka ci gaba da duba ma'aunin; kwalaben ƙarshe su ne ke lalacewa, saboda tukunya ta huce zuwa 70 mai aiki bai lura ba.

Hanya ta biyu, dumamawa a cikin kwalba, ta fi jinkiri amma ta fi aminci ga mai farawa. Ka bari kwalaben su huce, ka cika su da ruwan, ka bar santimita 3 zuwa 4 a sama domin ruwa yana kumbura da zafi. Ka shimfiɗa tawul a gindin babbar tukunya, ka jera su ba tare da sun taɓa juna ba, murafen a ɗore ba a ɗaure ba. Ka zuba ruwa mai ɗumi kaɗan har daidai tsayin ruwan da ke cikinsu. Kwalba ɗaya a tsakiya ka bar ta a buɗe da ma'aunin zafi a ciki. In cikinta ya kai 75, ka fara ƙirga minti 20, kana riƙe shi tsakanin 75 da 80. Ruwan tukunya yakan riga na kwalba zafi da nisa, shi ya sa ba shi ake aunawa ba. Lokaci ya cika, ka fito da su da tawul, ka ɗaure murafen nan take, ka kwantar minti uku.

In babu ma'auni ko kaɗan, kada ka yi cinta da ido. Ka ɗumama ruwan har ya fara motsin tafasa, ka cika kwalabe masu zafi ka bar santimita ɗaya, ka rufe, ka nutsar da su cikin ruwa mai tafasa minti goma. Za ka rasa wani ɓangare na ƙamshin, amma ba zai juya ba. In kuma kana da firiza mai wutar da ba ta yankewa, za ka iya tsallake wuta ka daskarar a gorar roba, ka bar kashi ɗaya cikin goma fanko. Wannan ya fi kowace hanya riƙe ɗanɗano, sai dai yis ɗin yana nan da ransa, kuma ranar da ya narke zai ɗora daga inda ya tsaya.

9. Hucewa da ajiya

Kada ka tara kwalabe masu zafi wuri ɗaya ko ka rufe su da bargo, za su ci gaba da dahuwa. Ka jera su tsaye da tazara inda iska ba ta bugawa kai tsaye. Bayan minti goma sha biyar ka tsoma su a ruwa mai ɗumin wanka, bayan wasu goma a na famfo. In sun huce, ruwan zai sauka kaɗan a wuya, murfin ƙarfe mai faɗi kuma zai lotsa ciki. Wanda bai lotsa ba, ko yake ɗiga in an kife, a sa shi a firji a sha cikin kwana uku.

Ka rubuta kwanan wata, ka ajiye a wuri mai duhu mafi sanyi a gidan, a ƙasa, nesa da kicin da bangon da rana ke duka. Sati biyun farko ka riƙa leƙawa. Kumfa, murfi mai kumbura ko hazon da ke ƙaruwa kullum na nufin yis ya tsira: ka naɗe kwalbar da tawul, ka kai waje, ka buɗe a hankali nesa da fuska, ka zubar, don irinta takan fashe. Furfura a saman ruwa alamar murfi bai kama ba ce, ita ma zubarwa ake yi duka, ba a kwashe saman a sha ƙasan. Amma 'yan fararen ɓurɓushi da suka kwanta tun ranar farko ba su ƙaru ba, furotin ne da zafi ya dunƙule, da duwatsun tata masu ƙyalli, duk ba komai. A tsiyaye a bar su a gindi.

A ƙasa mai sanyi irin wannan kwalba tana shekara. A zafinmu ba ta lalacewa da wuri, amma launinta yana komawa ruwan zuma, ƙamshin yana raguwa, don haka a shanye cikin wata shida. A sha da sanyin digiri 8 zuwa 10, wato awa biyu zuwa uku a firji. Sanyin da ya wuce haka yana rufe ƙamshi. Da abinci mai maiƙo ko yaji, kashi biyu na ruwan inabi da kashi ɗaya na ruwan soda ya fi zallansa shiga. Mai ciwon sukari ya lissafa shi kamar kowane lemun kwalba. In an buɗe, a mayar firji a rufe, a gama da shi cikin kwana uku zuwa huɗu.